Bam ɗin Reggane da ƙurar hunturu

Tambaya: Assalamu alaikum. Kakana, tsohon ɗan kasuwa a unguwar Birni ta Damagaram, yakan ce a shekarar samun 'yancin kai mutane sun riƙa tsoron hazon hunturu saboda wani bam da Faransa ta tayar a Sahara. Shin gaskiya ne, kuma me shugabannin Afirka suka yi a kai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kakanka bai yi kuskure ba. Ranar 13 ga Fabrairu 1960, watanni kafin Nijar ta samu 'yanci a 3 ga Agusta, sojojin Faransa suka tayar da bam ɗinsu na nukiliya na farko kusa da Reggane a kudancin Aljeriya, mai ƙarfin kiloton 70, wato ya ninka na Hiroshima fiye da sau huɗu. Duk wanda ya taɓa share ƙurar hunturu daga tabarmarsa da safe ya san cewa iskar arewa ba ta tsayawa a kan iyaka, kuma taswirar sojojin Faransa da aka bayyana daga baya ta nuna gurɓatacciyar ƙurar ta isa Bamako da Njamena.

Ghana ta riƙe kadarorin Faransa. Gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, bayan gwaji na uku a Disamba 1960, ta kori jakadan Faransa daga Legas a Janairu 1961, matakin da har yau nake ganin ya cancanci yabo. Duk da haka yarjejeniyar Evian ta 1962, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin neman 'yancin Aljeriya, ta bar wa Faransa filayen gwajin, aka ci gaba da tayar da bama-bamai a ƙarƙashin duwatsun In Ekker, a kudancin Aljeriya, har 1966.