Amsa: Wai a Amurka kowa na da ɗan jirginsa?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne a Amurka mutum kan ajiye ƙaramin jirgi kamar mota. To ko da can ba kowa ba ne, sai dai ya fi sauƙi, amma yanzu abin ya fi ƙarfin mai albashi wallahi. Ƙaramin jirgin Cessna 172 mai kujera huɗu, lokacin da ta fito a 1956 ba ta kai dala dubu 10 ba, yau sabuwa ta haura dubu 400, ga inshora ga kuɗin wurin ajiya ga binciken injiniya duk shekara, lasisi ma sai ka yi aƙalla awa 40 a sama kana biyan mai koyarwa da hayar jirgi.

Sai kuma maƙwabtan ƙananan filayen jirgi. Man jiragen nan har yanzu akwai dalma a ciki, iyaye na ƙorafi kan lafiyar yara, ni dai ban ga laifinsu ba. Wasu kuma ƙarar ce ta ishe su, suna cewa wasan masu kuɗi ne kawai. A 2003 magajin garin Shikago cikin dare ya tura katafila aka farfasa titin saukar jirage na filin jirgin Meigs, jirage na fake a ciki. Na garin Santa Monica da ke jihar California ma ƙarshen 2028 za a rufe shi.