Ƙawayena Sun Matsa Sai Na Yi Bilicin

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗaliba ce a Jami'ar Bayero. Mu biyar ne a ɗaki, huɗu suna shafa mai. Kullum cewa suke da wannan baƙin nawa ba zan samu miji ba, har ɗaya ta sayo min haɗin mai daga Kasuwar Sabon Gari. Yanzu ko madubi ba na son dubawa. Ya halatta in shafa kaɗan don su ƙyale ni?

Amsa: 'Yata, bai halatta ba, ko kaɗan ne. A Suratun Nisa'i aya ta 119, Allah ya ba mu labarin alwashin Shaiɗan cewa zai umarci mutane su sauya halittar Allah. Sannan akwai cutarwa, Annabi (SAW) kuwa ya hana cutar da kai da cutar da wani, kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito. Irin waɗannan haɗe-haɗen sau da yawa suna ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata har rauni ya ƙi warkewa, wasu ma su taɓa ƙoda. Ranar da aka daina, baƙin ya dawo dabbare-dabbare, ya fi na da. Wannan hukuncin ban da wadda ƙuraje ko ƙuna suka ɓata wa fata, likita ya rubuta mata magani: wannan mayar da asali ne, babu laifi.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar madubin. Karanta Suratur Rum aya ta 22. Allah ya jera bambancin harsunanmu da launukanmu tare da halittar sammai da ƙasa cikin ayoyinsa. Launin da kike ɓoyewa aya ne. Ƙawayenki ba su suka zaɓa miki shi ba, kuma wadda ta ce sai kin sauya fata za ta zauna da ke, gobe wani abin za ta nema. Shi ma mijin da mai ya kawo, me zai yi ran da kwalba ta ƙare?

Ki mayar wa wadda ta sayo miki man da abinta cikin ladabi. Kada ki yi gaba da su, domin an hana ƙaurace wa Musulmi fiye da kwana uku. Ki yi musu sallama, ki ci abinci da su, amma in aka ɗauko wannan hirar ki tashi. In sun ƙi bari, zangon karatu mai zuwa ki nemi wani ɗakin.

Allah ne mafi sani.