Filin Amsa Tambayoyi: Shin Sinawa Suna da Faɗan Ƙasa na Gargajiya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne da ke shirin tafiya karatu ƙasar Sin, kuma na taso ina kokawa a unguwarmu. A gasar UFC, ta faɗan da ke haɗa dambe da kokawa, ina ganin ana kai mutum ƙasa a danne shi har ya miƙa wuya, amma a finafinan Sinawa kusan duk faɗan tsaye ake yi. Shin suna da salon faɗan ƙasa na gargajiya, kuma ta ina zan fara koyo? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Suna da shi, sai dai ba irin wanda ka saba gani a UFC ba ne. Wancan dannewa da shaƙewa galibinsa daga jiu-jitsu na Brazil ya fito, wanda ya yi tashe bayan ɗan Brazil Royce Gracie ya lashe gasar UFC ta farko a 1993. Su kuwa Sinawa ba su ɗauki ƙasa wurin zama ba. Mutum yakan faɗi, ko da gangan ko bisa tsautsayi, ya yi ɓarna daga can, sa'annan ya miƙe da hanzari.

Salon da ya fi dacewa da tambayarka shi ne Dishu Quan na lardin Fujian, wanda aka fi sani da damben kare, kuma gwamnatin Sin ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na ƙasa a 2011. Mai wannan salo yakan zube a gefen jikinsa, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya saƙale idon sawun abokin karawarsa da ƙafa guda ta baya, ya taka masa gwiwa da ɗayar, ta yadda mai tsayin ba shi da zaɓi sai faɗuwa, in kuwa ya yi gardama gwiwar ce za ta biya. Da zarar ya faɗi, sai a nannaɗe masa ƙafa ko hannu da ƙafafu a murɗe gaɓar. Masu salon suna ba da labarin cewa wata mace mai zaman ibada a gidan bautar Buddha ce ta yaɗa shi, domin matan da aka ɗaure wa ƙafafu tun suna ƙanana, bisa tsohuwar al'adar Sinawa, ba su iya dogon faɗa a tsaye. Labarin baka ne, kuma ni a matsayin hikaya nake ɗaukarsa, ko da yake ya yi daidai da siffar salon.

A arewa kuma akwai Ditang Quan, wanda aka fi dangantawa da lardin Shandong, amma a yau ya fi karkata ga tsalle da mirgine-mirgine na nuni.

Tun da kai ɗan kokawa ne, Shuai Jiao zai fi yi maka kama da gida. Kokawa ce ta kaye da taɗiya, ana yin ta da gajeriyar riga mai kauri, kuma sarakunan daular Qing sun ajiye runduna ta musamman ta 'yan kokawa mai suna Shanpuying a Beijing. Kamar a kokawarmu, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kayar da shi, ba a bin sa can. A ganina dalilin a fili yake: fasahar da aka gina domin fagen yaƙi da tsaron ayari, inda akwai makami kuma maƙiyi ba ɗaya ba ne, ba za ta koya wa mutum daɗewa a kwance ba.

Shawarata ita ce ka fara da Shuai Jiao, wanda ke da tushe a Beijing da Tianjin da Baoding, domin a nan za ka koyi faɗuwa ba tare da ka karya hannu ko ka bugu a ƙeya ba, abin da bidiyon intanet ba zai gyara maka ba. Damben kare kuwa malamansa ba su da yawa, sai ka nufi Fuzhou, babban birnin lardin Fujian. Kafin ka biya kuɗi, ka zauna ka kalli darasi guda: in ɗalibai ba sa gwada juna da gaske, tsarin motsi kawai suke maimaitawa su kaɗai, to ka nemi wani wurin. In kuma dannewa irin ta UFC kake so, ka haɗa da judo ko jiu-jitsu, domin Zhang Weili ma, wadda ta zama zakarar UFC ta farko daga Sin a 2019, sai da ta koyi jiu-jitsu a kan damben Sinawa mai suna Sanda da kokawar da ta taso da su.