Tambaya da Amsa: Me ya sa ribab ke cuɗa min waƙa a FL Studio?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Zariya, ina koyon haɗa kiɗa da FL Studio a kan wata 'yar kwamfutar tafi-da-gidanka. Buga kiɗan ina iyawa daidai gwargwado, amma da zarar na shiga miksa, inda ake haɗa sautuka a daidaita su, sai kaina ya ɗaure. In na sa ribab, wato abin da ke ba sauti amsa-kuwwa, don murya, sai in ji har ganga da bes sun ɗauka. Da na raba wa kowane sauti layinsa na sa wa kowanne nasa ribab ɗin, sai kwamfutar ta riƙa kakarewa, waƙar kuma ta cuɗe, ba a jin baitin mawaƙi sosai. Abokaina sun ce sai na samo filogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti, masu tsada irin na manyan situdiyo. Haka ne? Sannan mene ne aikin ƙananan kibiyoyin nan da ke ƙasan kowane layi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokanka sun ba ka shawara da zuciya ɗaya, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Kayan da kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ya zuba a cikin manhajar sun isa a fitar da waƙa tsaf, kuma ko ka sayi ribab mafi tsada, in ka jera shi sau goma sha biyu kamar yadda kake yi yanzu, cuɗewar nan dai za ka ji. Abin da ya rage maka shi ne sanin hanyar da sauti ke bi tun daga inda ya taso har ya isa lasifika. Kibiyoyin da ka tambaya a kansu su ne ke tsara wannan hanya.

Mu fara da matsalarka ta farko. Danna F6, jerin kayan kiɗanka zai fito. A gefen hagu na kowane suna akwai ɗan akwati da ake sa lamba. Wannan lambar ita ce layin miksar da sautin zai shiga. In babu lamba a ciki, sautin yana wucewa ne kai tsaye zuwa layin masta, wato layin da komai ke taruwa kafin ya fita. To kai a kan masta ka ɗora ribab ɗinka, shi ya sa ganga da bes suka ɗauka tare da muryar. Maganin a saukaƙe yake: danna F9 ka buɗe miksa, zaɓi layin da ba kowa, koma ka zaɓi sautin, ka danna Ctrl da L. Layin zai ɗauki sunan sautin da launinsa. In kana da sautuka da yawa, zaɓe su gaba ɗaya ka haɗa da Shift, za su jeru ɗaya bayan ɗaya. Nau'i na 20 da na 21 na FL Studio suna da layi 125, don haka kada ka yi rowar layi. Ka kuma lura da muryar da mawaƙi ya turo maka ka jawo ta cikin waƙar da linzami: ita ma ba ta da lamba sai ka ba ta. A nan mutane da yawa ke mantuwa. Kuma in zai turo, ka ce ya turo ta a matsayin fayil ɗin WAV, domin saƙon murya na WhatsApp ya riga ya matse ta, abin da ya zube ba ya dawowa.

A cikin layi ɗaya akwai gurbi 10 na kayan gyaran sauti, kuma sautin yana bin su ne daga sama zuwa ƙasa. Abin da ya fito daga gurbi na ɗaya shi na biyu zai karɓa. Saboda haka jerin yana da muhimmanci ƙwarai. A kan murya, ni abin da nake fara sawa shi ne mai daidaita karin murya, ko Auto-Tune ne na kamfanin Antares ko Pitcher na cikin gida in lasisinka na ɗauke da shi, domin yana buƙatar murya zalla kafin ya gane inda take. In ka sa ribab kafin shi, zai riƙa bin amsa-kuwwar yana ruɗewa, ka ji muryar na karkarwa. Bayansa Fruity Parametric EQ 2, mai rage ko ƙara wani sashe na sauti, ka yanke duk abin da ke ƙasa da hez (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) 80 zuwa 100, inda gurnanin janareto da bugun iska a makirfo suke zaune. Sannan kwamfaresa ta daidaita inda mawaƙi ya ɗaga da inda ya sassauta. Waɗannan duka aikinsu gyara sautin kansa, don haka a kan layinsa suke zama.

Ribab da dile (mai maimaita sauti bayan ɗan jinkiri) kuwa aikinsu daban. Ba gyara murya suke yi ba, wuri suke ƙirƙira mata, ɗaki ko zaure ko babban ɗakin taro. Kuma a nan ne nake so ka natsu.

Ka ɗauki miksa kamar ban ruwa a fadama: akwai babbar hanyar da ruwa ke bi, sannan manomi yana buɗe ƙaramar kafa ya karkatar da wani kaso zuwa wani fangali, ba tare da ya toshe babbar hanyar ba. Kibiyar ƙasan layi ita ce wannan kafar. Ga yadda za ka yi. Zaɓi wani layi da ba kowa, a ce na 20, danna F2 ka sa masa suna Ribab, ka ɗora masa Fruity Reeverb 2. A cikinsa akwai madannin da aka rubuta wa Dry, shi ne asalin sautin da ba a taɓa ba. Sauke shi har ƙasa. Na Wet kuma ka ɗaga shi. Yanzu koma ka danna layin murya ya zama shi ne zaɓaɓɓe, sai ka duba ƙasan layi na 20 ka danna kibiyarsa. Za ka ga igiya ta haɗa su, ɗan maƙunni mai juyawa ya bayyana. Daga yanzu muryar na tafiya hanya biyu: tana zuwa masta yadda take, kuma wani kaso nata na shiga ribab. Maƙunnin nan shi ke ƙayyade yawan kason. Mayar da shi sifili, ka riƙa ɗagawa a hankali har ka fara jin ribab ɗin, sannan ka ɗan rage.

Kada ka manta da sauke Dry ɗin nan. In ka bar shi, muryar za ta isa masta sau biyu, kuma sauti iri ɗaya in ya haɗu da kansa ƙarfinsa na ƙaruwa da desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). Sai ka ga murya ta yi tsalle ka rasa dalili.

Da wannan ribab guda ɗaya za ka shayar da 'yan amshi, fiyano, sarewa da tafi, kowa da gwargwadon kasonsa. Amfanin farko kwamfutarka za ta huta, domin aiki ɗaya take yi maimakon goma sha biyu. Na biyu, kunne zai ji kamar duk a ɗaki ɗaya aka yi waƙar. Na uku shi ne wanda ya fi min muhimmanci: tunda ribab ɗin na da layinsa, kana iya gyara shi shi kaɗai ba tare da ka taɓa muryar ba. Ɗora masa EQ a gurbin da ke ƙasansa, ka yanke ƙasa da hez 250 ko 300, ka kuma rage sama da 7,000. Cuɗewar da kake kuka da ita mafi yawanta a wannan ƙasan take taruwa, saman kuma shi ke sa harafin "s" da "ts" su riƙa feshi a kunne. Sannan ka nemi maƙunnin jinkirin farawa, wanda aka rubuta wa Delay a cikin ribab ɗin, ka ba shi milisakan 20 zuwa 40. Wannan ɗan jinkirin yana barin kalma ta fito sarai kafin amsa-kuwwarta ta biyo baya. Tsawon jelar ribab kuma, daƙiƙa ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa ga yawancin waƙoƙi, in kiɗan mai sauri ne ma ka rage. Waƙar Hausa magana ce. Mai sauraro yana bin baiti ne yana jiran inda za a ajiye ƙafiya, in ribab ya haɗiye ƙarshen kalma ka cuci mawaƙin, komai daɗin kiɗanka. Kik, wato babbar ganga mai kaurin amo, da bes kuwa kada ka tura su can ko kaɗan.

Dile ma haka za ka yi masa, layinsa daban, da Fruity Delay 3. Yana iya bin saurin waƙar da kansa, amma yana da kyau ka san lissafin: raba 60,000 da saurin kiɗan. In waƙarka na tafiya a 100, bugu ɗaya milisakan 600 ke nan, rabinsa 300.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani game da kibiyoyin: bayan feda, wato madannin da ake ja sama ko ƙasa don ƙara ko rage ƙarfin layi, suke ɗiban sauti. In ka sauke fedar murya, ribab ɗinta ma zai sauka tare da ita, kuma galibi haka ake so. Ranar da kake son murya ta ɓace amma amsa-kuwwarta ta rage, Fruity Send ne ke yin wannan aikin.

Akwai amfani na biyu na kibiyar, wato tara layuka a wuri ɗaya. A ce kana da muryoyin amshi shida. Mawaƙi ya ce a rage amshi kaɗan, sai ka kama feda shida kana ja ɗaya bayan ɗaya, daidaiton da ka sha wahala ka yi ya rushe. Maimakon haka, ware layi ɗaya ka kira shi Amshi. Zaɓi muryar farko, ka danna kibiyar layin Amshi da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi "Route to this track only". Wannan zai cire ta daga masta ya mayar da ita can kaɗai. Yi wa sauran haka. Yanzu feda ɗaya ke riƙe da su duka, kwamfaresa ɗaya za ta ɗaure su su zama murya guda, kuma daga wannan layin za ka tura su ribab sau ɗaya. Ganguna ma haka. In ka sauke fedar Amshi har ƙasa amma kana ci gaba da jin wata murya, to ita ce ba ka cire daga masta ba, je ka duba igiyarta.

Na uku shi ne wanda ake kira saidcen, inda wani sauti ke sa wani ya ɗan rusuna masa. Kik da bes wuri ɗaya suke nema a ƙasa, in suka bugo tare sai su danne juna. Zaɓi layin kik, danna kibiyar layin bes da maɓallin dama, ka zaɓi "Sidechain to this track". Igiya za ta haɗa su amma maƙunnin na sifili, don haka ba za a ji kik a layin bes ba, labarinsa kawai ake kaiwa. Ɗora Fruity Limiter a kan bes, shiga ɓangaren COMP, ka sa 1 a akwatin saidcen, ka sauke THRES, ka ɗaga RATIO zuwa wajen huɗu bisa ɗaya. Duk sanda kik ya buga, bes zai kauce ya dawo. Irin wannan dabarar na aiki tsakanin murya da fiyano ko kalangu, waɗanda ke yawan cin karo da muryar namiji a tsakiya, amma a nan desibel 2 ya wadatar, in ya wuce haka za a ji kiɗan na numfashi.

Game da masta: sabon aiki a FL Studio yakan buɗe da Fruity Limiter a ɗore a kansa. Kashe shi yayin da kake miksin, domin yana ɓoye maka cewa ka cika ƙara. Layukan ciki ba sa fashewa ko sun yi ja, saboda irin lissafin da manhajar ke yi a cikinta, amma abin da ya haura sifili a masta zai fashe a lokacin fitarwa. Ka sauke fedoji duka, ka fara ɗaga murya, ka gina sauran a kewayenta, ka bar masta na kai wa wajen desibel 6 ƙasa da sifili. Ƙara ƙarfi aikin ƙarshe ne.

Kakarewar kwamfuta kuma, in ribab guda bai kawar da ita ba, danna F10 ka shiga saitin sauti, ka zaɓi FL Studio ASIO, ka ƙara girman bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar. A kan 44,100, bafa 512 jinkirinsa bai kai milisakan 12 ba, 1024 kuma wajen 23. Lokacin ɗaukar murya ne ake son ƙarami don kada mawaƙi ya ji kansa a makare, lokacin miksin babba ba ya cutar da komai. Ka kuma lura, yawancin kwamfutocin hannu suna rage ƙarfinsu da zarar an ɗauke wuta sun koma kan batir, sai ka duba saitin wutar Windows ka hana ta. Filogin ɗin da aka fasa aka raba kyauta kuwa ina ba ka shawarar ka nisance su. Hakkin masu su ne, kuma su ne kan gaba wajen rufe manhaja ana tsakiyar aiki.

Ga aikin da zan ba ka a wannan makon. Buɗe waƙar nan da ta cuɗe, ka adana ta da sabon suna, ka cire duk ribab ɗin da ka jera. Gina layin ribab ɗaya, na dile ɗaya, matattarar amshi da ta ganguna. In ka gama, juya maƙunnin faɗin sitiriyo na masta zuwa dama har ƙarshe, sautin zai haɗe ya zama ɗaya kamar yadda ƙaramar lasifikar Bluetooth ko ta waya za ta fitar da shi, domin da su mafi yawan masu sauraronka za su ji waƙar. Sannan ka mayar da shi tsakiya, ka fitar da waƙar, ka kunna wa wanda bai san baitocin ba a wayarsa, ka ce ya maimaita maka abin da mawaƙin ya faɗa. Duk kalmar da ya kasa kamawa, koma wurin ka fara da rage kason ribab ɗin murya kafin ka taɓa fedarta. Allah ya sa albarka a sana'ar.