Littafin dogayen kalmomin Turanci ko ƙamus: wanne zan saya?

Tambaya: Malam, bana zan zauna jarrabawar JAMB. A bakin makarantarmu ana sayar da wani ɗan littafi cike da dogayen kalmomin Turanci da ma'anoninsu, mai tallar ya ce duk wanda ya haddace shi ya gama da Turanci. Kuɗin hannuna ba za su isa in haɗa shi da ƙamus ba. Wanne zan ɗauka? Daga wani ɗalibi a Gusau.

Amsa: Ƙanena, sayi ƙamus. Irin waɗannan littattafai kusan duk da kalma ɗaya suke buɗewa: pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis, mai haruffa 45, wadda ake kira mafi tsawo a manyan ƙamusoshin Turanci. Ma'anarta cutar huhu da shaƙar ƙurar dutse ke haddasawa. Abin da mai talla ba zai gaya maka ba shi ne, ba likitoci suka ƙirƙiro ta ba. A shekarar 1935 Everett Smith, shugaban wata ƙungiyar masu wasan wasa ƙwaƙwalwa a Amurka, ya harhaɗa ta da gangan don ta zama doguwa. Likitan da ke duba mai fasa dutsen da tari ya ƙi sakinsa, silicosis zai rubuta a katinsa, haruffa 9 kacal.

Amma kada ka wuce ta, akwai darasi a cikinta. Yayyanka ta ka gani: pneumono huhu ne, ultra abin da ya wuce kima, microscopic ƙanƙanin da ido ba ya gani, silico sinadarin da ke cikin yashi da duwatsu, volcano dutse mai aman wuta, coni ƙura, osis kuma cuta. Ka ga ashe taragai ne aka jona kamar na jirgin ƙasa, yawancinsu daga harsunan Girka da Latin. Wanda ya san taragan ba ya buƙatar hadda. In ka riƙe cewa pneumo na nufin huhu, ranar da ka ci karo da pneumonia ba za ka yi zuru ba.

Haka antidisestablishmentarianism, mai haruffa 28. Gindinta establish, wato kafawa. Dis ya warware kafawar, anti ya yi adawa da warwarewar, ism ya mai da abin aƙida. Ana nufin ra'ayin masu ƙin a raba Cocin Ingila da gwamnati, rigimar siyasar Birtaniya ta ƙarni na 19. To, me ya haɗa ɗan Gusau da wannan? Sai dai a yi burga da ita a filin muhawara.

Takardar Turanci ta JAMB tambayoyi 60 ce, kuma inda ake zubar da maki ba a dogayen kalmomi ba ne. Gajeru ne ke kayar da ɗalibai: put off, put up with, call off, give in. Kowace ka san gaɓoɓinta ɗaya-ɗaya, amma da sun haɗu sai ma'ana ta canza. Ɗan littafin nan ba zai koya maka su ba. Ƙamus mai kyau zai ba ka ma'ana, ya sa kalmar cikin jimla, ya nuna maka wadda ke tafiya da ita.

Tambaya: 'Yata ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, an ce a saya mata ƙamus. Na je shagon littattafai na tarar da iri-iri, wasu kuma sun ce manhajar waya ta wadatar. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, ki nemi wanda aka rubuta don masu koyon Turanci, ba don waɗanda aka haifa cikinsa ba. Wanda ya fi yawo a makarantunmu shi ne Oxford Advanced Learner's Dictionary. A. S. Hornby ne ya assasa shi, malamin da ya koyar da Turanci a Japan ya ga inda baƙin harshe ke tuntuɓe, bugu na 10 kuma ya fito a 2020. Yana bayani da sauƙaƙan kalmomi, kuma zai raka ta har jami'a. In Turancinta bai yi ƙwari ba tukuna, ki haɗa mata da na Turanci da Hausa. Akwai na Paul Newman da Roxana Ma Newman wanda maɗaba'ar Jami'ar Bayero ta fitar a 2020.

Sai ki yi hattara da na jabu, don sun cika kasuwa, kuma araha ba ta ado. Kafin ki biya, buɗe tsakiyar littafin ki ɗan danna. In gam ya fara tsagewa, ajiye. Duba ko tawada ta dusashe, ko rubutun bayan shafi yana hudowa ta gaba, sannan ki bi lambobin shafuka a wuri biyu ko uku, domin a na jabu akan tsallake shafuka da dama a tsakiya ba a sani ba sai an je gida.

Manhaja tana da amfani guda da takarda ba ta da shi: tana furta kalma a ji. Amma yarinya 'yar aji ɗaya da waya a hannu, ke ma kin san ba a ƙamus za ta tsaya ba. Ki bar manhajar a wayarki, ta riƙa zuwa tana tambaya.

Tambaya: Zan rubuta takardar neman aiki. Abokina ya ce in zuba manyan kalmomi don a san na yi boko. Daga wani matashi a Jos.

Amsa: Abokinka yana so ka zama Patrick Obahiagbon, tsohon ɗan majalisar wakilai daga Edo, wanda in ya buɗe baki sai 'yan jarida sun nemi ƙamus. Shi ya yi suna da hakan, kai kuwa aiki kake nema. Mai tace takardu yana da tuli a gabansa, ba shi da lokacin dogon Turanci. Faɗi abin da ka karanta, abin da ka iya, da inda ka taɓa aiki, a shafi guda. Ka ba wani ya duba maka kurakuran rubutu kafin ka miƙa.