Alhaji, ka bar filinka: wa ke riƙe da kalmar sirrin akwatunan nan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan kwamfuta a Garwa. Shekara 3 ke nan ɗan yayata, wanda ya karanci harkar sadarwa, ya shigar da ni sayar da akwatunan da ke haɗa wayar jan ƙarfe da fiba, irin waɗanda ake lura da su daga nesa. Mun kafa kamar 60 a otal-otal, asibitocin kuɗi, makarantu da wurin masu raba intanet, kowanne ana biyan sefa 10,000 a wata kuɗin kulawa. Yakan kawo mini 350,000 zuwa 400,000. Yanzu ya ce mu nemo miliyan 15 mu sayo guda 120 mu buɗe Marwa da Kusiri, cikin shekara 2 mun zama manya. Ni ban san kan na'ura ba, komai yana kwamfutarsa, kuma na yarda da shi. In ci bashin banki ko in sayar da filina? Alhaji, daga Garwa.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Kada ka je banki, kada kuma ka taɓa filin nan. Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka shi ne inda ka ce komai yana kwamfutarsa. Ka faɗe shi a gurguje kamar ba komai ba, alhali nan ne ciwon yake.

Fara da lissafin da kai ka kawo. Akwati 60 sau 10,000, sefa 600,000 ke nan a wata. Abin da ke shigowa hannunka bai wuce 400,000 ba. Ina sauran 200,000? Ban ce yaron nan yana ci ba, Allah ya kiyaye ni da zargin wanda ban sani ba. Wataƙila wasu sun daina biya, wataƙila akwati 10 sun mutu tun bara, wataƙila man babur da kuɗin mai hawa tsani ne suke lashewa. Amma kai mai jarin ba ka san wanne ne ba, har ma "kamar 60" ka rubuto mini. Wanda bai san adadin kayansa ba, da wace hujja zai ninka su sau uku da kuɗin bashi?

Ya kamata ka gane abin da kake sayarwa, ko da ba ka iya taɓa na'ura ba. Wayar jan ƙarfe ta kwamfuta ba ta wuce mita 100 da saƙo lafiya. Fiba kuwa, wato zaren gilashi mai ɗaukar saƙo da haske, gwargwadon ɗan ƙarfen haske da aka cusa wa akwatin, wanda ake kira SFP, tana kai kilomita 10, 20, har 80. Akwatin aikinsa ya juya saƙon lantarki zuwa haske, ya kuma mayar. Akwai mai arha da ke wannan aikin kawai, ka jona ka tafi, in ya lalace sai mai otal ya bugo maka waya yana faɗa. Naka ya ninka wancan kuɗi saboda yana da adireshinsa a kan layi, yana da kalmar sirri, kuma yana ba da rahoto. Daga shagonka ana ganin ƙarfin hasken da ke isa gare shi, ana ganin ko wayar ce ta katse ko wuta aka ɗauke, wasu ma suna aiko da saƙo na ƙarshe kafin su mutu in lantarki ya tafi. Ana iya rage wa abokin ciniki gudun layinsa, ana iya raba layin ofis da na baƙi, ana iya rufe shi baki ɗaya. Wannan ikon shi ake biyanka 10,000 a kansa. Kuma ikon nan yana hannun duk wanda ya san adireshi da kalmar sirri, ko da yana zaune a Yawunde.

Ka gina shago, ka cika shi da haja, makulli ɗaya tak kuma yana aljihun wani. Haka kake a yau.

Na san wani ɗan kasuwa a Njamena da ya yi irin wannan harka da ƙaninsa. Yaron kirki ne, ba a taɓa kama shi da ko sisi ba. Ya yi hatsari a babur, ya kwanta watanni, wayarsa ta farfashe a wurin, kwamfutar kuma a kulle. Cikin kwanakin nan layin wani asibiti ya tsaya. Aka ɗauko wani masani, ya ce ba shi da hanyar shiga, sai dai a je a mayar da akwatin yadda ya fito daga masana'anta. Yin haka yana goge duk tsarin da aka yi masa, kuma ba wanda ya ajiye kwafi. Aka kwana biyu ana lalube. Daga nan aka gano ba a ma san inda wasu akwatunan suke ba, sai da aka riƙa bin abokan ciniki ana tambayarsu. Kafin yaron ya miƙe, manyan masu biya sun koma wurin wasu. Ba cin amana a labarin nan ko kaɗan, amma asarar ta tabbata.

Wani kuma da na sani, saɓanin iyali ne ya shiga tsakaninsa da ɗan'uwansa. Yaron ya tafi, abokan ciniki suka bi shi, don lambarsa kaɗai suka sani, shi suke biya, ba takardar da ta ambaci sunan shagon. Mai jarin ya rage da kwalayen da akwatunan suka zo a ciki.

Saboda haka aikinka na watan nan littafi ne. Ka sayi babba, ka zaunar da ɗan yayarka, kowane akwati a ba shi shafinsa: sunan abokin ciniki da unguwarsa, lambar da masana'anta ta buga a jikinsa, adireshinsa a kan layi, ranar da aka kafa shi, ranar da garanti zai ƙare, da ƙarfin hasken da ya nuna ranar kafawa, don a san ko layin yana raunana. A rubuta irin fibar ma. Waɗanda ke aiki da zare ɗaya tagwaye ne, ɗaya yana aikawa da nau'in haske mai lamba 1310 yana karɓa da mai lamba 1550, ɗayan akasin haka, kuma in aka haɗa iri ɗaya a bakin layi biyu ba za su taɓa magana ba. Wanda zai je gyara ranar da yaronka ba ya nan dole ya san wanne zai ɗauka. Bayan an rubuta, ka hau mota da kanka ka ga kowane akwati da idonka, ka gaisa da mai wurin, ya san fuskarka.

Kalmar sirri kuma a yi ta hawa biyu. Babbar, wadda ke buɗe komai, a rubuta a takarda a liƙe ambulan a sa a akwatin ajiyarka. Yaron ya yi aikin yau da kullum da tasa. Ambulan da ba a gwada ba banza ne, don haka duk wata uku ka ɗauko wani masani daban ya gwada shiga akwati biyu ko uku a gabanka. Ka tambaya ko an canza kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta, don waɗannan kowa yana iya samunsu a intanet, kuma na ga wuraren da aka shekara ba a canza ba. Tsarin kowane akwati a kwafe shi a ɗan filas guda biyu, ɗaya a shago, ɗaya a gida.

Kuɗi kuwa su daina bi ta hannu. Asusun shago ko lambar Orange Money ko MTN ta shago, da rasit mai lamba, da yarjejeniya a rubuce da sunan shagonka ga kowane abokin ciniki.

Na san abin da ke ranka: yaya za ka dubi ɗan yayarka ka nemi wannan bai ɗauka ka daina yarda da shi ba? To ka fara da nasa haƙƙin. Shekara 3 yana hawa rufin mutane cikin rana, shin an taɓa rubuta masa albashi ko kaso? In ba a yi ba, kai ma ka zalunce shi. Ka yanka masa kaso bayyananne daga kuɗin kulawa, a rubuta, da shaidu biyu, mahaifiyarsa ta sani. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma Musulmi 'yan'uwan juna aka yi wa umarnin. In yaron mai gaskiya ne, littafin nan kariya ne gare shi, ranar da wani zai zo maka da gulma. In ya yi ta kwana-kwana, yau kwamfuta ta ƙi tashi, gobe ya yi tafiya, to ka samu amsar da ka fi bukata tun kafin ka rasa fili.

Maganar zama manya cikin shekara 2 kuwa, na gaji da jin irinta. Marwa kusan kilomita 200 ce daga Garwa. Lura daga nesa tana nuna maka cewa layi ya katse, ba ta ɗinke fibar da masu haƙa kwata suka datse. Sai mutum ya je da na'urar ɗinki, kuma mutum ɗaya gare ka. Kusiri ta fi nisa, kuma in idon yaron yana kan Njamena ne a tsallaken gadar Ngeli, wata ƙasa ce da dokokinta da hukumar sadarwarta. A nan gida ma ka je hukumar ART mai kula da harkar sadarwa a Kamaru ka tabbatar takardunka na shigo da kaya da na kafawa sun cika kafin ka faɗaɗa.

Sannan guda 120 wa ya nema? Ka nuna mini takardar oda ko ta mutum 20. Waɗannan kaya ba shinkafa ba ne da kowa ke saye. Sababbin na'urorin raba layi da yawa yanzu suna zuwa da ramin SFP a jikinsu, mai su ba ya bukatar akwatinka sam. Ka tara 120 a sito, bayan ka biya jirgi zuwa Duwala, da duwan, da harajin kashi 19.25, da dako zuwa arewa, garanti yana ƙarewa suna cikin kwali, banki kuma ba ya jiran ka sayar. Ko da duka sun shiga aiki kuma kowa ya biya, miliyan 1 da dubu 200 ne a wata kafin ka cire albashi, mai da gyara. In kuma aka yi irin tara kuɗin da ake yi yanzu, inda kashi ɗaya cikin uku ba ya isowa, sai ka lissafa da kanka.

In akwai kuɗin da za ka kashe bana, kashe su kan 60 ɗin da ke aiki. Ajiye biyar ko shida na ko-ta-kwana, da na'urorin cajinsu da yawa, don su ne ke fara ƙonewa. Ka san yadda wuta take yi mana in ruwan madatsar Lagdo ya ja da rani, da yadda take dawowa da ƙarfi. Ƙaramin batir da abin kare tsawa a wurin manyan abokan cinikinka sun fi sabon reshe amfani. Zafin Maris da Afrilu a Garwa yana wuce digiri 40, kuma akwatunan ofis na yau da kullum iyakarsu 40 ko 50 ne, ballantana wanda aka kulle cikin akwatin ƙarfe a jikin bango. Irin waɗannan wuraren a sa musu masu jure zafi, waɗanda ke kai 75. Ka kuma ɗauki yaro na biyu ya koyi aikin, wanda ba ɗan gida ba.

Ka ba wannan wata shida. In littafin ya cika, ka rubuto mini adadin akwatunan da ke aiki, adadin masu biya a kan lokaci, da abin da ya rage maka kowane wata bayan an cire komai. Sa'annan mu yi maganar Marwa, mu fara da guda 10 da aka riga aka ba da rabin kuɗinsu.