Baba Ya Ce A Daina Yi Masa Wankin Ƙoda

Tambaya: Barista, shekara biyu ke nan ana yi wa mahaifinmu wankin ƙoda a Kano. Yanzu ya ce ya gaji, a mai da shi gida. Wani ɗan'uwanmu kuma yana cewa a roƙi likita ya yi masa allurar da za ta hutar da shi gaba ɗaya. Ni ce babbar 'yarsa. Doka za ta kama mu?

Amsa: Malama, sannu da jinya, Allah Ya ba Baba sauƙi.

Maganar allurar nan ku binne ta tun yau. A dokar Final Kod, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, wanda ya gaggauta mutuwar majiyyaci ya yi kisan kai, ko da majiyyacin ne ya roƙa. Yardarsa na iya sauke hukuncin kisa a ƙarƙashin sashe na 222, amma sashe na 224 ya bai wa alƙali damar ɗaurin rai da rai. Wanda ya miƙa masa maganin ya sha da kansa, sashe na 228 ya tanadar masa ɗaurin da zai iya kai shekara 10. Likitan kuma lasisinsa ne zai salwanta.

Buƙatar Baba daban ce. A shari'ar Dakta Okonkwo, wadda aka yanke a 2001, wata mata da yake dubawa ta ƙi yarda a ƙara mata jini saboda aƙidarta, ta rasu. Kotun Ƙoli ta wanke likitan, ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da ƙin zai kai shi ga ajali. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta wajabta wa likita ya sanar da majiyyaci wannan 'yanci da abin da zai biyo baya.

Sai dai 'yancin na Baba ne, ba naku ba. Abin da ya fi damuna shi ne dalilin gajiyar. Na sha ganin dattijo ya ce ya gaji alhali tausayin aljihun 'ya'yansa yake ji. Ki zauna da shi ku biyu ki tambaye shi. In kuɗi ne ko ciwo, waɗannan suna da mafita.

In ya tsaya kan bakansa, likita ya tabbatar hankalinsa ƙalau yake, ya faɗa da bakinsa gaban shaidu biyu, a rubuta a fayil ɗinsa, ya sa hannu. Kada kowa ya sa a madadinsa. Ku tuntuɓi malamin da ya amince da shi. Kafin sallama, ku nemi a rubuta masa maganin rage raɗaɗi, har mofin in ta kama, domin doka ba ta hana shi ba muddin sauƙaƙa ciwo ake nufi. Duk ranar da ya sauya ra'ayi, ku mai da shi asibiti a ci gaba da wankin.